Faɗuwar Masarautar Bukhara a Hannun 'Yan Kwaminis (1920) da Makomar Tambarin Ahaggar a Tamanrasset

  

Babu ɗalibin da ya taɓa zama gaban malami bai ji sunan Bukhari ba. Muna karanta Sahihinsa a masallatanmu, muna yi masa addu'a duk lokacin da aka ambace shi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa garin da ake danganta shi da shi yana da sarki Musulmi, da alƙalai, da makarantu, har zuwa ranar 2 ga Satumba, 1920, ranar da sojojin kwaminis na Rasha suka kafa jar tuta a kan fadarsa. Wannan rubutu zai bi yadda abin ya faru, da dalilansa, da abin da ya biyo baya. Daga nan za mu dawo gida Tamanrasset, inda wata tsohuwar sarauta ta Musulmi ta gamu da gwamnatin gurguzu bayan 1962, amma labarinta ya ƙare daban.

Bukhara da matsayinta

Bukhara tana cikin ƙasar Uzbekistan ta yau, a tsakiyar Asiya, a yankin da malaman tarihi suke kira Bayan Kogi, wato bayan kogin Jaihun (Amu Darya). Kwamandan Musulmi Ƙutaiba ɗan Muslim ya buɗe ta a shekarar 709. A cikinta aka haifi Imam Muhammad ɗan Isma'il al-Bukhari a 194 bayan Hijira (810), ya rasu a 256 (870) a Khartank kusa da Samarkand. Ibnu Sina ɗan wani ƙauye ne na kusa da ita, kuma kabarin Shaihu Baha'uddin Naƙshabandi, wanda ya rasu a 1389, yana bayan gari. Hasumiyar Kalon da aka gina a 1127 tana nan tsaye har yau, daura da makarantar Mir Arab da aka gina a ƙarni na 16. A farkon ƙarni na 20 garin yana da makarantun ilimi fiye da ɗari, waɗanda wakafi yake ɗauke da su, ɗalibai suna zuwa daga ƙasar Tatar da Kashgar da Afganistan. Shi ya sa ake kiranta Bukhara Sharif.

Gidan Mangit da zuwan Rasha

Gidan sarautar da ya yi mulki na ƙarshe shi ne na Mangit, wata ƙabila ta Uzbek. Sun karɓi iko a 1747, kuma tun daga Shah Murad, wanda ya hau a 1785, sarakunansu suke amfani da laƙabin Amir. Da wannan laƙabi suke nuna cewa mulkinsu a kan Shari'a yake tsaye.

Daular Rasha ta riƙa matsowa daga arewa. Ta ci Tashkent a 1865. A 1868 ta ci Samarkand, ta karya rundunar Amir Muzaffar a Zirabulak. Yarjejeniyar da aka yi a wannan shekara, da wadda ta biyo baya a 1873, sun bar wa Amir gadonsa da mulkin cikin gida, amma huldar waje ta koma hannun Rasha. Maƙwabciyarta Khiva ta shiga irin wannan hali a 1873, Kokand kuma aka shafe sarautarta gaba ɗaya a 1876. Wanda ya san yadda Ingilishi suka yi da sarakunan Arewacin Najeriya bayan 1903 zai gane tsarin nan take: sarki yana kan gado, bindigar da ke tsaron gadon kuwa ta baƙo ce.

A 1888 layin dogo ya iso. Ba a shigo da shi cikin birni ba, aka kafa tasha a Kagan, tafiyar kilomita goma sha wani abu daga ganuwa. Nan garin Rashawa ya tashi, nan wakilin Sarkin Rasha ya koma da zama, kuma daga nan ake kwasar auduga da fatun tumakin karakul zuwa Mosko. Wannan tasha ce daga baya ta zama sansanin waɗanda suka rushe masarautar.

Yadda ake mulki

A ƙarƙashin Amir akwai Kushbegi, wanda yake matsayin waziri, da Ƙazi Kalon, wato alƙalin alƙalai, da Ra'is, wanda yake aikin muhtasibi a kasuwa da masallatai. Larduna suna hannun hakimai da ake kira bek. Babbar cutar tsarin ita ce hakimai da jakadunsu ba su da albashi daga baitulmali. Abin da suka tatsa daga talakawa, bayan sun aika wa fada rabonta, shi ne abincinsu. Mai kiyasin haraji yakan zo gona ya yanka abin da ya ga dama, manomi kuma ba shi da ikon kwashe amfaninsa sai an kiyasta. Bayan zakka da harajin gona, an ƙaro wasu kuɗaɗen da Shari'a ba ta san da su ba. Babu iyaka tsakanin dukiyar Amir da ta jama'a, babu kasafi, babu wanda ke tambaya.

Malaman garin sun ga wannan. Ahmad Danish (1827–1897), malamin fada da ya je Rasha cikin tawagar Amir har sau uku, ya rubuta suka mai zafi kan gidan Mangit da lalacewar mulkinsu. Ba a saurare shi ba, aka nesanta shi daga fada. Amir Abdul Ahad, wanda ya hau a 1885, ya fi zama a garin Karmana a kan babban birninsa. A watan Janairun 1910 rikici ya ɓarke tsakanin Ahlus Sunna da 'yan Shi'a a cikin birni, aka kashe mutane da yawa, sai da sojan Rasha suka shigo kafin ƙura ta lafa. Ɗansa Sayyid Alim Khan, wanda aka haifa a 1880 kuma ya yi karatun soja a birnin Fitasbag, ya gaje shi. Ya fara da alkawarin hana karɓar gaisuwa da rage haraji, amma ba a jima ba komai ya koma yadda yake.

Masu neman gyara da malaman fada

A ƙarshen ƙarni na 19 wani malami ɗan Kirimiya, Isma'il Gasfirinski, ya fara yaɗa sabuwar hanyar koyar da yara ta jaridarsa Tarjuman, wadda ya kafa a 1883. Hanyar ita ce a koya wa yaro haruffa da sautinsu har ya iya karatu cikin 'yan watanni, a haɗa masa Alƙur'ani da fiƙihu da lissafi da labarin ƙasa. Waɗanda suka bi wannan ra'ayi su ake kira Jadidawa, masu riƙe da tsohuwar hanya kuma Ƙadimawa.

Ya kamata mu lura cewa Jadidawan Bukhara 'ya'yan makarantun addini ne. Sadruddin Aini (1878–1954) almajiri ne da ya girma a ɗakunan makarantun garin. Abdurra'uf Fitrat (1886–1938) ya yi karatu a Mir Arab kafin ya tafi Santambul. Faizullah Khojayef (1896–1938) ɗan wani babban attajiri ne na birnin. Abin da suke nema da farko bai wuce makarantu, da tsarin haraji, da albashin ma'aikata ba, kuma a ƙarƙashin Amir suke son a yi shi. Makarantar da suka buɗe a 1908 an rufe ta a 1909 bayan fatawar manyan malamai. Jaridarsu Bukhara-yi Sharif ta fito a 1912, aka hana ta a farkon 1913. A 1914 aka rufe sauran makarantunsu.

Shekarun 1917 da 1918

A farkon 1917 aka tumɓuke Sarkin Rasha, sai Amir ya wayi gari babu inuwar da yake fakewa. Bisa matsin wakilin sabuwar gwamnatin Rasha, ya fitar da sanarwar gyara a watan Afrilu. Jadidawa suka fito zanga-zangar murna, malaman fada suka tara nasu taron da ya fi yawa, aka bi masu neman gyara da kamu da duka. An yi wa Aini bulala 75, sojan Rasha ne suka fito da shi daga kurkuku. Sauran suka gudu Kagan, kuma daga wannan lokaci ƙungiyarsu ta Samarin Bukhara ta fara maganar kawar da Amir.

A ƙarshen shekarar 'yan Bolshebik, wato jam'iyyar kwaminis ta Lenin, suka karɓi mulki a Rasha da Tashkent. A watan Fabrairun 1918 suka rushe gwamnatin cin gashin kai da Musulmi suka kafa a Kokand, suka kashe dubban mutane. Duk da wannan aya da ke gabansu, Khojayef da abokansa suka nemi taimakon shugaban 'yan Bolshebik na Tashkent, Fyodor Kolesof, suka tabbatar masa cewa jama'a za su tashi da zarar sun ga soja. A watan Maris ya zo da runduna. Jama'a suka tashi, amma a kansa suka tashi: aka yi shelar jihadi, aka tumɓuke layin dogo, ya tsira da ƙyar. Ranar 25 ga Maris aka sa hannu a yarjejeniyar Kizil-Tefe, wadda ta amince da 'yancin Bukhara.

Amir ya samu shekara biyu da rabi na cikakken 'yanci. Bai yi amfani da su wajen gyara ba. An karkashe ɗaruruwan mutane bisa zargin jadidanci, har da ƙanin Aini. An ƙara haraji don sayen makamai, alhali kasuwar auduga ta mutu. Waɗanda suka tsere Tashkent kuma wasunsu suka kafa Jam'iyyar Kwaminis ta Bukhara a watan Satumban 1918.

Harin 1920

A watan Fabrairun 1920 Khiva ta faɗi, sarkinta Sayyid Abdullah ya sauka. Kwamandan Jar Runduna a Turkistan, Mikha'il Frunze, ya juyo kan Bukhara. Mosko ba ta so duniyar Musulmi ta ga abin a matsayin mamaya, don haka aka tsara shi da kamannin juyin juya halin cikin gida. Aka tilasta wa Samarin Bukhara da 'yan kwaminis haɗa kai. A tsakiyar Agusta jam'iyyar ta yi taro a Charjui, a ƙarshen watan aka ayyana tawaye a can, "gwamnatin juyin juya hali" ta nemi agaji, sojan da suka riga suka yi sahu a Kagan suka amsa kira.

Daga 29 ga Agusta aka yi kwana huɗu ana luguden wuta da igwa, da jiragen ƙasa masu sulke, da jiragen sama fiye da goma. Sojan Amir da mutanen gari sun yi tsayin daka a ƙofofin ganuwa, amma makamansu tsofaffi ne. Unguwanni suka ƙone, harsashin igwa ya illata hasumiyar Kalon, mafi yawan fadar Ark ta zama kufai. Amir ya fice kafin gari ya faɗi. Ranar 2 ga Satumba aka ci fadar, aka loda dukiyar baitulmali a jirgin ƙasa aka fita da ita. Alim Khan ya zauna a gabashin ƙasarsa, wajen Dushanbe, har zuwa farkon 1921, sannan ya haye kogi zuwa Afganistan. Ya rasu a Kabul a 1944 bai sake ganin garinsa ba.

Jamhuriya ta shekara huɗu

A watan Oktoban 1920 aka ayyana Jamhuriyar Jama'ar Sobiyet ta Bukhara, Faizullah Khojayef yana shugaban gwamnati. Jadidawa sun ɗauka cewa yanzu za su gina ƙasar da suke mafarki. Fitrat ya riƙe ma'aikatar ilimi, har ya aika ɗalibai karatu Jamus a 1922. Sai dai sojan da suka ci garin ba su tafi ba, kuma ƙauyuka ne ke ciyar da su dole.

Karkara ta ɗauki makami. Rashawa suna kiran mayaƙan Basmaci, ma'ana 'yan fashi, su kuwa mujahidai suke kiran kansu. Babban jagoransu a gabas shi ne Ibrahim Bek. A watan Nuwamban 1921 Anwar Fasha, tsohon ministan yaƙin Daular Usmaniyya, ya iso Bukhara ya koma ɓangarensu, har shugaban jamhuriyar, Usman Khoja, ya bi sahu. Sun ci Dushanbe a Fabrairun 1922, amma kawunansu ba su haɗu ba: Ibrahim Bek na Amir ne, bai yarda da Anwar ko Jadidawa ba. An kashe Anwar ranar 4 ga Agusta, 1922. Ibrahim Bek ya ci gaba har aka kama shi a 1931, aka kashe shi a 1932.

Don raba jama'a da mayaƙa, a 1922 gwamnatin Sobiyet ta mayar da wakafi da kotunan alƙalai. Da ƙafarta ta kafu sai ta janye. A 1923 aka kori Fitrat da wasu Jadidawa daga gwamnati. A 1924 aka shafe jamhuriyar, aka raba ƙasarta tsakanin Uzbekistan da Turkmenistan da Tajikistan.

Abin da ya sami addini

Daga 1927 aka shiga yaƙi da addini a fili. Aka rufe kotunan Shari'a da makarantun allo da na ilimi, aka ƙwace wakafi, aka ƙaddamar da gangamin cire wa mata lulluɓi da ake kira hujum. Masallatai suka koma rumbunan ajiya da ɗakunan taro. Aka sauya rubutun ajami da haruffan Latin a ƙarshen shekarun 1920, sannan da na Rasha a 1940, ta yadda jika ya kasa karanta littafin kakansa. Malamai da yawa, Ƙadimawa da Jadidawa, sun ƙare a kurkuku ko a bakin bindiga. Khojayef, wanda ya shugabanci gwamnatin Uzbekistan daga 1925 zuwa 1937, an harbe shi a Mosko a watan Maris na 1938. An harbe Fitrat a Tashkent a watan Oktoban wannan shekara.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Stalin ya sassauta. A 1943 aka kafa hukumar addini ta Musulmin Tsakiyar Asiya a Tashkent, a 1946 aka sake buɗe Mir Arab da 'yan ɗalibai ƙalilan. Ta daɗe ita kaɗai ce makarantar ilimin addini da hukuma ta yarda da ita a duk Tarayyar Sobiyet. Sauran karatun ya koma ɓoye, a ɗakunan da ake kira hujra, wurin malamai irin su Muhammadjan Hindustani (1892–1989) a Dushanbe, da wurin malamai mata da ake kira otin, waɗanda suka riƙa koya wa yara salla da Alƙur'ani a cikin gidaje. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, a hannun waɗannan aka tarar da abin da ya rage. Sarautar kuwa ba ta dawo ba.

Wasu masarautun

Bukhara da Khiva ba su kaɗai ba ne. Ranar 12 ga Janairu, 1964 aka kifar da Sultan Jamshid na Zanzibar, kuma akwai masu ra'ayin Markisanci cikin waɗanda suka hau. A 1967 ƙungiyar da ta karɓi Yaman ta Kudu daga Ingila ta rushe sarautun Lahaj da Ƙu'aiti da Kasiri. A 1975 sojojin Derg na Habasha suka kori Sultan Ali Mirah na Ausa, bai dawo ba sai 1991. A ƙasar Hausa an yi kukan zaluncin sarakai da hakimai ta bakin NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, da Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar, amma ba a kai ga rushe masarautu ba. A Najeriya doka ce ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran.

Tambarin Ahaggar

Misalin da ya fi kusa da mu yana nan inda muke zaune. Kafin Tamanrasset ta zama birni, ƙasar nan tana ƙarƙashin Amenokal, sarkin Abzinawan Kel Ahaggar, wanda ake zaɓa daga gidan Kel Ghela. Alamar mulkinsa ganga ce da suke kira ettebel, wato tambari. Ƙabilun makiyaya irin su Dag Ghali suna kawo masa gaisuwar shekara da ake kira tiwse. Akwai bayi da ake kira iklan. A garuruwan noma kamar Abalessa da Ideles da Tazrouk, manoma Haratin ne ke haƙa magudanun ruwa su noma ƙasar da ba tasu ba, rabonsu kashi ɗaya cikin biyar. Ayari kuma yana ɗaukar gishirin Amadghor zuwa Damargu ya dawo da gero, hanyar da ta daɗe da haɗa wannan ƙasa da Hausawa.

Faransa ta karya Kel Ahaggar a yaƙin Tit ranar 7 ga Mayu, 1902. Musa ag Amastan ya yi sulhu da ita a In Salah a 1904, ya riƙe tambari har rasuwarsa a 1920, shekarar da Bukhara ta faɗi. Bayansa aka yi Akhamuk ag Ihemma, da Meslar ag Amayas, sai Bay ag Akhamuk a 1950. A nan ma sarauta ta zauna a inuwar baƙo, kuma gumin talaka ne ke ɗauke da ita.

Bambanci ya fara bayyana a lokacin yaƙin neman 'yanci. A 1957 Faransa ta kafa wata hukuma ta musamman don yankunan Sahara, da nufin raba hamada da arzikinta daga Aljeriya. Mutanen ƙasar nan suna tuna Bay a matsayin wanda ya ƙi ba da kai ga wannan shiri. Da aka samu 'yanci a watan Yulin 1962, ya shiga majalisar ƙasa a matsayin wakilin yankinsa.

Gwamnatin Ahmed Ben Bella, da ta Houari Boumediene da ta gaje ta a 1965, ta gurguzu ce, amma ba ta kwaminis ba. An haramta Jam'iyyar Kwaminis ta Aljeriya a watan Nuwamban 1962, kuma tsarin mulkin 1963 ya ce Musulunci ne addinin ƙasa. Duk da haka ta tuge ginshiƙan tsohuwar sarauta ɗaya bayan ɗaya. Ta hana bauta a aikace, ta soke tiwse, ta ce ƙasa ta mai nomanta ce. Abin bai tafi salin-alin ba: rikicin gonaki a Otoul, kusa da Tamanrasset, ya kai ga zubar da jini. Tsaurara iyaka da fari suka durƙusar da ayarin Damargu. Dokar juyin juya halin noma ta Nuwamban 1971 ta soke noman kashi biyar a duk ƙasa, a 1974 kuma Tamanrasset ta zama wilaya mai gwamna daga Aljiyas. Bay ya rasu a 1975. Ɗan uwansa Alhaji Musa Akhamuk ya ci gaba da ɗaukar sunan, yana ɗan majalisa kuma mai sasanci tsakanin jama'a, har rasuwarsa a 2005. Har gobe ana kiran sunan Amenokal da girmamawa, sai dai ba shi da haraji, ba shi da kotu. Masallatai da makarantun Alƙur'ani kuwa ba a rufe su ba, ko da yake sun koma ƙarƙashin ma'aikatar addini.

Abin lura ga ɗalibai

Na farko, igwar Frunze ta tarar da bango a tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara hamsin gadon Bukhara yana jingine da Rasha, talaka yana biyan abin da Shari'a ba ta ɗora masa ba, masu nasiha ana korarsu. Irin waɗannan haraje-haraje da karɓe-karɓe ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa a Kitabul Farƙi cikin laifuffukan sarakunan zamaninsa. Sunan Shari'a a bakin fada bai hana masarauta faɗuwa ba lokacin da adalcinta ya yi ƙaranci a gona da kasuwa.

Na biyu, malaman da suka rufe makarantar 1908 sun ɗauka addini suke karewa. Bayan shekara ashirin babu tasu makarantar, babu ta abokan hamayyarsu. Saɓanin da za a iya warwarewa a zaure, kan yadda za a koya wa yaro karatu, an bar shi ya kai ga bulala da kisa, har waɗanda aka kora suka faɗa hannun maƙiyin kowa.

Na uku, koken Jadidawa gaskiya ne, amma sun ɗauko sojan da ba su da ikon sallamarsa, bayan sun ga abin da ya yi a Kokand. Sun guje wa zaluncin Amir, suka ƙare a hannun wanda ya harbe su.

Na huɗu, ba ma kukan abin da ya tafi a Ahaggar. Bauta da noman kashi biyar ba su ne addini ba, kuma a sahun sallarmu na yau jikan mai gona da jikan manominsa kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa. Sarautar da ta zaɓi jama'arta a ranar zaɓi ta rasa ikonta amma ta tsira da mutuncinta, kuma an raba ta da ikon ba tare da an rushe masallaci ba.

Na ƙarshe, abin da ya haye shekara saba'in na mulkin kwaminis a Bukhara shi ne karatun da malamai maza da mata suka riƙe a ɗakunansu. Mu da Allah Ya ba damar buɗe Sahihul Bukhari a fili, ba tare da tsoron ƙwanƙwasa ƙofa ba, sai mu riƙe karatun da kyau, mu koya wa 'ya'yanmu maza da mata, mu kuma faɗa wa shugabanninmu gaskiya tun tana da amfani.

Allah Ya jiƙan malaman Bukhara da duk waɗanda aka zalunta a cikinta, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Allah ne Mafi sani.